Yadda Ake Zaɓen Amfilifayar Jitar Bas Mara Nauyi Don Zuwa Wasa

Idan aka ɗauke mai ganguna, babu wanda kaya ke wahalarwa a ƙungiyar kiɗa kamar mai jitar bas. Dalili kuwa sauti mai kauri ba ya fita sai an tunkuɗa iska mai yawa, ita kuma iska mai yawa sai da sifika manya da wuta mai ƙarfi. Shi ya sa tun da kamfanin Ampeg na Amurka ya fito da amfilifayarsa SVT a 1969, mai ƙarfin wat 300, masu bas suka saba da ɗaukar dutse. Kan amfilifayar kaɗai, wato sashen da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya shiga sifika, ya haura kilo 35, akwatinta mai sifika takwas kuma ya haura kilo 60. Haɗa su biyun, kusan buhu biyu na siminti ke nan, kuma sai ka loda, ka sauke, ka hau da shi dandamali, tsakar dare ka sake lodawa.

Yanzu ba dole ba ne. Abu biyu suka sauya: an samu amfilifaya irin ta "aji D" da ba ta buƙatar ƙaton taransifoma a cikinta, an kuma samu sifika masu maganaɗisun neodiyam wanda ɗan ƙarami yake yin aikin babban maganaɗisun da aka saba. Amma rage nauyi yana da hanya. Akwai inda za ka rage ba ka rasa komai ba, akwai inda duk kilon da ka cire sai ka biya shi da sauti. Ga yadda za ka bi.

Mataki na farko: san inda kake wasa kafin ka duba kowane kaya

Ka zauna ka tuna wuraren da ka fi yin wasa a shekarar nan, ba wanda kake mafarkin yi ba. Tambayoyi huɗu za ka amsa. Akwai mai ganguna a ƙungiyarku, kuma hannunsa mai nauyi ne? Wuraren da kuke zuwa suna da manyan lasifikokin taro da miksa, har da masu fitar da sauti mai kauri, ko kuwa amfilifayarka ce za ta cika wurin ita kaɗai? A cikin ɗaki kuke wasa ko a fili? Sannan da me kake zuwa: motarka, motar ƙungiya, ko adaidaita sahu?

Amsar ta biyu ce ta fi muhimmanci. Idan akwai lasifikokin taro masu kyau, aikin amfilifayarka kawai shi ne kai da mai ganguna ku ji bas a kan dandamali, jama'a kuma su ji ta manyan lasifika. Nan ƙaramin kaya ya wadatar. Idan babu, kai ne komai, kuma ƙaramin kaya zai kunyata ka.

Fili ma yana da nasa hukunci. A cikin ɗaki bango da kusurwa suna dawo da sauti mai kauri, suna ƙara masa jiki. A filin biki ko harabar makaranta babu bangon da zai taimaka, sautin tafiyarsa yake yi. Akwatin da ya girgiza ɗakin atisaye, ka fitar da shi waje sai ka ji kamar an cire masa rabi. Duk wanda yawancin wasansa na bukukuwan waje ne, ya sa a ransa zai ɗauki sifika fiye da mai wasa a ɗakin taro ko coci.

Mataki na biyu: fara da akwatin sifika

Mutane da yawa suna farawa da kan amfilifaya domin shi ne mai maɓallai da fitilu da babbar lambar wat a jikinsa. Ka juya lissafin. Nauyin kayanka yana cikin akwati, ƙarar da za ka samu ma daga akwati take, don haka nan ne kuɗinka da tunaninka ya kamata su fi tafiya.

Ga abin da lambobi ke cewa. Idan ka ninka wat sau biyu, daga 250 zuwa 500, ƙarar da za ta ƙaru desibel 3 ce kacal (desibel, ko dB a taƙaice, ma'aunin ƙarar sauti ne). Kunne zai ji an ƙara, amma kaɗan. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Amma akwai wata lamba a takardar kowane akwati mai nuna yawan ƙarar da yake bayarwa da wat ɗaya tak a nisan mita ɗaya. Akwatin da aka rubuta masa 99dB, da wat 250 zai yi ƙarar da mai 96dB zai yi da wat 500. Ka ga ashe zaɓen akwati mai saurin amsawa daidai yake da sayen amfilifaya mai ninkin ƙarfi. Sai dai kamfanoni ba hanya ɗaya suke bi wajen aunawa ba, wasu ma suna ƙara gishiri, don haka lambar jagora ce, kunnenka ne alƙali.

Sai faɗin fuskar sifika. Sifika mai inci 10 fuskarta mai motsi kimanin murabba'in santimita 340 ce, mai inci 12 kimanin 530, mai inci 15 kimanin 850. Ka lissafa: sifika biyu masu inci 12 sun ɗara ɗaya mai inci 15, kuma ba su yi nisa sosai da huɗu masu inci 10 ba. Maganar da ake yawan yi cewa inci 15 ce mai kauri, inci 10 kuma mai kaifi, ba doka ba ce. Yadda aka gina akwatin da irin sifikar da aka saka su ke yanke hukunci.

Akwai wata ƙa'ida da masu gina akwatin sifika ke kira dokar Hofmann, da sunan wani injiniyan sauti na Amurka. Abu uku ne: ƙaramin akwati, sauka can ƙasa wajen kauri, da ƙara mai yawa da wuta kaɗan. Biyu kaɗai za ka samu. Duk mai sayarwar da ya ce maka ƙaramin akwatinsa yana da duka ukun, ka yi murmushi ka wuce. Wannan ya fi shafar mai jita mai tsirkiya biyar, domin tsirkiyar E a buɗe tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ta biyar ɗin mai suna B kuwa sau 31, kuma ƙananan akwatuna da yawa a nan suke fara shaƙewa.

To wane girma? A nawa ganin, wanda ya fi dacewa da mafi yawan masu zuwa wasa shi ne akwati biyu ƙanana iri ɗaya, kowanne da sifika ɗaya mai inci 12, ko kowanne da biyu masu inci 10. Akwati mai inci 12 ɗaya na neodiyam yawanci tsakanin kilo 11 da 15 yake, tsohon akwati mai sifika huɗu kuwa yakan kai kilo 35 zuwa 45. Ranar atisaye ko ƙaramin taro ka ɗauki ɗaya a hannu ɗaya, jitarka a baya. Ranar babban wasa ka ɗora ɗaya kan ɗaya. Ƙara akwati na biyu irin na farko yakan ba ka kusan desibel 5 zuwa 6, domin fuskar sifika ta ninka kuma amfilifaya ta saki ƙarin ƙarfi. Babu wani sauya kan amfilifaya da zai ba ka wannan. Ka dai tabbata iri ɗaya ne. Haɗa inci 15 da inci 10 na kamfanoni daban-daban caca ce, wani lokaci su dace, wani lokaci su riƙa kashe wa juna sauti.

Ka duba katakon ma. Akwatunan araha da yawa da matsattsen garin katako ake yin su, wanda ake kira MDF. Yana da nauyi, kuma da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura. Katako mai falle-falle mara nauyi, wanda aka yi wa tokara a ciki, shi ake nema. Ƙwanƙwasa gefen akwatin da hannu. Idan ya amsa kamar ganga, bangonsa zai riƙa rawa yana cinye sautinka.

Kar ka raina wurin riƙewa. Akwati mai kilo 20 da aka sa wa maɗauki a tsakiyar nauyinsa ya fi sauƙin ɗauka a kan mai kilo 16 da ke bugun gwiwarka a kowane taku.

Mataki na uku: lissafin om

Wannan gajere ne, amma wanda ya tsallake shi zai iya ƙona kaya. Kowane akwati yana da lambar om, wato ma'aunin yadda yake tare wutar da amfilifaya ke tura masa, yawanci 8 ko 4. Idan ka haɗa akwati biyu masu om 8, amfilifaya za ta ga om 4. Idan ka haɗa biyu masu om 4, za ta ga om 2. Mafi yawan ƙananan amfilifayoyi ba sa jure ƙasa da 4, an rubuta haka a bayansu kusa da inda ake sa waya. Don haka idan kana da niyyar ƙara akwati nan gaba, sayi mai om 8 tun yanzu. Wanda ya sayi mai om 4 don ya kwashi duk ƙarfin amfilifaya da akwati ɗaya, ya rufe wa kansa ƙofar ƙari, a kan ribar da ba ta wuce desibel 3 ba.

Mataki na huɗu: kan amfilifaya

A nan ne rage nauyi yake zuwa kusan a banza. Aguilar Tone Hammer 500 bai kai kilo 2 ba, yana ba da wat 500 a om 4, rabin haka a om 8. Little Mark na kamfanin Markbass na Italiya bai kai kilo 3 ba, shi ma wat 500 a om 4, wat 300 a om 8. TC Electronic BH250 wat 250 ne a ƙasa da kilo 2. Gallien-Krueger MB200 da Trace Elliot ELF, dukansu wat 200, ba su kai kilo ɗaya ba, ana sa su a aljihun jakar jita.

Ka lura da yadda lambobin suke tafiya biyu-biyu. Babbar lambar da ke jikin kwali ta om 4 ce. Da akwati ɗaya mai om 8, rabi ko ɗan sama da rabi za ka samu. Ga mai wasa da mai ganguna, kai mai wat 500 shi ne tsaka-tsaki mai kyau. Ba don za ka ƙure shi ba, sai don ya zama da saura idan ka daki tsirkiya da ƙarfi. Mai wat 200 ya dace da ƙaramin taro, ko ya zama na ko-ta-kwana a jaka. Masu wat 800 zuwa sama nauyinsu bai fi haka da yawa ba, amma ƙaramin akwati ba zai iya amfani da wannan ƙarfin ba, zafi kawai zai mayar da shi.

Abubuwan da ba za ka yarda a rasa ba a bayan kai: mafitar DI mai ƙafa uku wadda ake aika sauti zuwa miksa da ita, da maɓallin zaɓen ko a aika sautin kafin gyaranka ko bayansa, da maɓallin yanke ƙasa wanda ke kashe gunjin nan da ake ji idan kayanka da na miksa suna shan wuta daga soket daban-daban. A gaba kuma ka nemi maɓallin sautin tsakiya, in da hali guda biyu. Idan akwai mai tace kaurin da ya yi ƙasa sosai, ka samu riba, domin yanke sautin da kaɗawarsa ke ƙasa da sau 35 ko 40 a daƙiƙa yana hutar da ƙaramar sifika daga motsin da ba a ma jin amfaninsa.

Za ka ji masu cewa amfilifayar aji D ba ta da nauyin sauti irin na tsofaffin masu kwalabe, wato bututun gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti a cikinsu. Akwai ƙamshin gaskiya idan aka ƙure su duka biyun, domin mai kwalabe tana laushi idan ta ƙure, ta zamani kuwa sai ta daƙile. Amma a cikin kiɗa, da ganguna da jita da murya, ɗan kallon da zai bambance su bai zo ba tukuna. Bayanka kuwa zai bambance.

Mataki na biyar: haɗaɗɗiya, rababbiya, ko babu amfilifaya sam

Haɗaɗɗiya, wadda ake kira kombo, kai da sifika ne a akwati ɗaya. Fender Rumble 100 kimanin kilo 10 ce da sifika ɗaya mai inci 12. Rumble 500 mai sifika biyu masu inci 10 kimanin kilo 16 da rabi ce, tana ba da wat 350 ita kaɗai, sai ka ƙara mata akwati mai om 8 sannan ta kai 500. Amfanin kombo shi ne ɗauka ɗaya, waya ɗaya, kuma yawanci ta fi araha. Aibinta shi ne idan kai ya lalace, duka za ka kai wa mai gyara. Idan za ka sayi kombo, nemi wadda ke da wurin ƙara akwati.

Hanya ta uku ita ce ka bar amfilifaya a gida, ka tafi da ɗan akwatin DI na takawa, irin SansAmp Bass Driver na kamfanin Tech 21, ka shiga miksa kai tsaye, ka ji kanka ta sifikar dandamali ko ta abin kunne. Wannan ya fi komai sauƙi, amma ya danganta kacokan da mai kula da sauti da kayansa. A wurin da kuka saba kuma kayan suna da kyau, ba laifi. A wurin da ba ka taɓa zuwa ba, kar ka dogara da alƙawarin waya cewa "akwai komai".

Ko kana da amfilifaya, ka ajiye irin wannan akwatin a jaka. Ƙananan amfilifayoyin zamani cikinsu allo ne mai ƙananan kayan haɗi da inji ya liƙa. Mai gyaran rediyon da zai farfaɗo da tsohuwar amfilifaya a yini ɗaya, sau da yawa wannan sai dai a canza allon gaba ɗaya, samun allon kuma yana ɗaukar lokaci. Ranar da ta mutu ana tsakiyar wasa, ɗan akwatin nan ne zai fitar da kai kunya.

Mataki na shida: maganar wuta

Wutar Najeriya da Nijar tsakanin bolt 220 da 230 take, ta Amurka 120. Kayan kiɗa na hannu da yawa daga Amurka suke shigowa, don haka kafin ka sa wa kowace amfilifaya wuta, karanta rubutun da ke kusa da soket ɗinta. Idan an rubuta 100–240V, ko'ina za ta yi. Wasu suna da ɗan maɓallin sauyawa, ka tabbata yana kan 230 kuma fis ɗin ya dace. Idan 120V kaɗai aka rubuta, sa ta a wutarmu zai ƙona ta nan take. Za a ce maka ka sayi taransifomar rage wuta, amma wadda za ta ɗauki wat 500 ta fi amfilifayar kanta nauyi, ka ga an koma gidan jiya. Gara ka nemi wadda aka yi don Turai ko Ingila.

Yawancin wasannin waje da janareta ake yi. Kar ka kunna amfilifaya sai injin ya tashi ya daidaita. Idan za a sauya daga wutar gari zuwa inji ko akasin haka, kashe taka tukuna. Kar ka sha layi ɗaya da firiza ko manyan fitilu. Ka kuma sayi soket mai kare kaya daga tsallen wuta, ba shi da nauyi.

Zafi da ƙura su ma suna aiki. Waɗannan ƙananan kawuna da ƙaramar fanka suke shan iska, idan suka yi zafi sai su kashe kansu har su huce. Kar ka bar kai a rana, kar ka toshe ramukan iskarsa da mayafi, lokacin hunturu kuma ka riƙa hure masa ƙura.

Mataki na bakwai: gwaji kafin biya

Je da jitarka da wayarka, ba ta shago ba. Mayar da duk maɓallan gyaran sauti tsakiya. Ƙara murya har ta kai irin wadda kake wasa da ita, ko da mai shago zai ɓata rai, sannan ka bi tsirkiya mafi kauri gida-gida a hankali kana sauraron karkarwa ko sautin tusa daga sifika. Ka ba wani ya kaɗa, kai ka ja da baya taku goma ka ji, domin abin da ke fita a gaban akwati daban yake da abin da ke isa ga jama'a. Ka bar ta tana aiki na ɗan lokaci ka ga ko za ta yanke.

Idan akwatin na hannu ne, kashe komai, ka danna fuskar kowace sifika a hankali da yatsu a kewayen tsakiya. Idan ka ji gurza, sifikar ta samu matsala. Sa mitar auna om a wayar akwati: mai om 8 yakan nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 kusan 3. Da batir mai bolt 9 kuma, ka ɗan taɓa wayar, duk sifikokin ya kamata su motsa gefe ɗaya. Idan ɗaya ta fito ɗaya ta shige, wani ya taɓa haɗa wayar a juye, kaurin sautin zai ɓace.

Daga nan ka ɗaga kayan ka yi tafiya da su har bakin titi, ka kuma auna ko za su shiga abin hawanka.

Mataki na takwas: yadda ƙaramin kaya zai yi aikin babba a dandamali

Kunnenka ba a gwiwa yake ba. Akwati ɗaya a ƙasa yana harba sautin tsakiya ta ƙafafunka, sai ka ga kamar ba ka jin kanka ka yi ta ƙara murya. Kishingiɗar da shi ya kalli kanka, ko ka ɗora shi kan abu mai ƙarfi. Akwati mai sifika biyu ka tsayar da shi a tsaye, sifika ɗaya saman ɗaya, ya fi watsa sauti gefe da gefe. Idan kana son ƙarin kauri a ɗaki, matsar da shi kusa da bango, idan kuma ɗakin yana gunji, janye shi daga kusurwa.

Idan ba a jin ka, kar hannunka ya tafi maɓallin kauri, shi ne ke cinye wat yana wahalar da sifika. Ƙara sautin tsakiya kaɗan, wajen kaɗawa 400 zuwa 800 a daƙiƙa, a nan ne bas ke ratsa ganguna da jita.

Tsakanin kai da akwati ka yi amfani da wayar sifika ta gaske mai kauri, in da hali mai kan Speakon da ke kullewa. Wayar jita siririya ce a ciki, ba a yi ta don wannan wutar ba, za ta yi zafi ta iya jawo wa amfilifaya matsala. Kan amfilifaya mai kilo 2 kuma, taku ɗaya a kan wayar jita ya isa ya fizgo shi ƙasa, girgizar akwati ma tana tafiyar da shi a hankali zuwa baki. Shimfiɗa masa ɗan faifan roba a ƙarƙashi, sannan ka zagaya da wayar jitarka ta cikin maɗaukin akwati kafin ka sa ta a kai.